Albiruni da harshen Sanskirit: ko sanin littattafan wasu mutane yarda ne da addininsu?

Shin harshen Sanskirit mallakar mabiya addinin Hindu ne su kaɗai, har ya zama bai dace Musulmi ya koye shi ba, balle ya koyar da shi? Wannan tambaya ta taso da ƙarfinta a Indiya a watan Nuwamba na 2019, lokacin da Jami'ar Hindu ta Banaras ta ɗauki wani matashi Musulmi ɗan jihar Rajastan, Dakta Firoz Khan, aikin koyar da adabin Sanskirit a tsangayar da ke haɗa karatun harshen da ilimin addinin Hindu. Wasu ɗalibai suka yi zaman dirshan na makonni suna cewa wanda ba Hindu ba ba shi da hurumin koyarwa a wannan tsangaya, ita kuwa hukumar jami'ar ta tsaya a kan cewa shi ne ya fi cancanta a cikin waɗanda aka tantance. A watan Disamba malamin ya ajiye muƙamin ya koma sashen Sanskirit na wata tsangaya a jami'ar. Rigimar ta lafa, amma ba a amsa tambayar ba.

Tambayar tana da fuska ta biyu, domin a cikin Musulmi ma akwai masu ɗaukar Sanskirit harshen bautar gumaka kawai, suna ganin duk wanda ya duƙufa a kansa ya sa imaninsa cikin haɗari. Mutumin da rayuwarsa ta fi ba da haske a kan fuskokin biyu shi ne Abu Raihan Muhammad bin Ahmad Albiruni, malamin da ya koyi harshen kimanin shekara dubu da suka wuce, ya fassara littattafan falsafar Indiya zuwa Larabci, kuma har yau kowane ɓangare na masu gardama a Indiya da Pakistan yana ƙoƙarin janyo shi gefensa.

## Mene ne Sanskirit?

Ruɗani na farko shi ne ɗaukar Sanskirit da Hindi abu guda. Hindi, wanda Bahaushe ya saba ji a finafinan Indiya, harshen yau da kullum ne na miliyoyin mutane. Sanskirit tsohon harshen ilimi ne da ibada da adabi, wanda harsunan Indiya irin su Hindi da Bengali da Marati suke da dangantaka ta jini da shi kuma suka ɗebo kalmomi masu yawa daga gare shi. Mafi tsufan abin da ya rage da shi su ne waƙoƙin addini na Rigveda, waɗanda masana ke kai asalinsu kimanin shekara 1500 zuwa 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma an daɗe ana miƙa su baki da baki ta hanyar hadda kafin a rubuta su. Wajen ƙarni na biyar ko na huɗu kafin miladiyya wani manahawanci mai suna Panini, ɗan yankin Gandara da ke cikin Pakistan ta yau, ya tsara nahawun harshen cikin gajerun ƙa'idoji kusan 4,000, kuma wannan tsari ne ya daskarar da siffarsa ta yadda malamin Kashmir da malamin kudancin Indiya za su iya muhawara da juna ko da harsunansu na gida ba su haɗu ko'ina ba.

A yau Sanskirit yana cikin harsuna 22 da kundin tsarin mulkin Indiya ya lissafa, amma a ƙidayar 2011 mutum 24,821 ne kawai suka ce shi ne harshensu na uwa. Ƙarfinsa yana cikin littattafai ne. Kuma waɗannan littattafai ba na addinin Hindu kaɗai ba ne: malaman addinin Buda kamar Nagarjuna sun rubuta falsafarsu da shi, mabiya addinin Jain sun yi haka, an rubuta likitanci da lissafi da ilimin taurari da dabarun mulki da wasan kwaikwayo da shi, har ra'ayoyin waɗanda suka ƙaryata Veda, wato tsofaffin littattafai masu tsarki na addinin Hindu, ɗungurungum a cikinsa aka adana su. Saboda haka mai cewa harshen na addini ɗaya ne ya riga ya saɓa wa tarihin harshen tun kafin a zo batun Musulmi.

## Yadda ɗan Huwarizam ya tsinci kansa a bakin Indiya

An haifi Albiruni a 973 a gefen birnin Kath na ƙasar Huwarizam, kudu da Tekun Aral, a cikin Uzbekistan ta yau. Ya yi karatu a hannun masanin lissafi Abu Nasr Mansur, wanda ɗan gidan sarautar ƙasar ne, kuma tun yana matashi ya fara auna tsayin rana da nisan garuruwa. Rikicin sarauta na 995 ya kore shi daga gida, ya yi yawo a ƙasar Farisa, ya zauna a fadar Sarki Kabus na Jurjan, inda wajen shekarar 1000 ya rubuta *Al-Athar al-Baƙiya*, littafin da ya kwatanta kalandun Farisawa da Yahudawa da Kiristoci da Larabawa da sauran al'ummomi. Ya yi musayar wasiƙu da Ibn Sina a kan falsafar Aristotal. Wato kafin ya ga Indiya ya riga ya zama cikakken malami, kuma ya riga ya saba da tambayar kowace al'umma yadda take lissafin zamaninta da yadda take fahimtar duniya.

A 1017 Sarki Mahmud na Gazna ya ci Huwarizam da yaƙi, ya kwashe malamanta zuwa birninsa a cikin Afganistan ta yau, Albiruni na cikinsu yana da shekara 44. Mahmud shi ne sarkin da ya yi ta kai hare-hare arewacin Indiya shekara bayan shekara, yana rusa wuraren bauta yana kwaso dukiya da bayi, har ya kai ga haikalin Somnat a gaɓar tekun Gujarat a 1026. A inuwar wannan yaƙi Albiruni ya sami damar shiga ƙasar. Shi da kansa ya lissafa wuraren da ya taka, irin su Kabul da Peshawar da Nandana da Siyalkot da Multan, kuma ya faɗa a fili cewa bai wuce wannan yanki na arewa maso yamma ba. A sansanin Nandana ne ya gwada dabararsa ta auna girman duniya ta hanyar tsayin dutse da kusurwar da sararin sama ke haɗuwa da ƙasa. A Gazna kuma akwai Indiyawa da yawa, fursunoni da masu sana'a da sojoji da malamai, kuma daga irin waɗannan malamai da ake kira pandit ya fara ɗaukar darasi, ya zama ɗalibi a shekarun da tsararrakinsa ke zaman koyarwa.

Ba shi ne Musulmi na farko da ya amfana da ilimin Indiya ba. A zamanin Halifa Mansur, wajen shekarun 770, an kawo wani littafin taurari daga Sind zuwa Bagadaza aka mayar da shi Larabci da sunan *Sindhind*, kuma Ibn al-Muƙaffa ya riga ya fassara *Kalila wa Dimna* daga tsohon Farisanci, littafin da asalinsa tatsuniyoyin *Panchatantra* ne na Sanskirit. Bambancin Albiruni shi ne ya ƙi gamsuwa da abin da ya bi ta hannu biyu ko uku, ya nemi asalin.

## Shingayen da ya ce sun raba mutanen biyu

Babban aikinsa a wannan fage shi ne littafin da ake taƙaita sunansa da *Kitab al-Hind*, mai babi 80, wanda ya kammala wajen 1030, jim kaɗan bayan rasuwar Mahmud. Cikakken sunan yana nufin tantance abin da Indiyawa ke faɗa, wanda hankali ya karɓa da wanda ya ƙi. A gabatarwa ya fara da cewa jin labari ba daidai yake da gani da ido ba, ya bayyana dalilan da ke sa masu ba da labari ƙarya, ya kawo umarnin Alƙur'ani na tsayawa da adalci ko da a kan kai ne ko a kan iyaye da dangi, sannan ya koka da cewa yawancin abin da marubutan Musulmi suka rubuta game da addinan Indiya kwafe ne daga juna ba tare da bincike ba. Ya ce littafinsa ba na jayayya ba ne, na ba da labari ne, zai kawo maganar mutanen kamar yadda take, idan kuma Musulmi ya ji ta yi masa nauyi a kunne, to wannan shi ne abin da suka yi imani da shi, kuma su suka fi kowa sanin yadda za su kare shi.

Babin farko kacokan a kan wahalar aikin ne, kuma shi ne ya fi dacewa da gardamar yau. Shinge na farko harshe ne. Ya ce Sanskirit yana da faɗi kamar Larabci, abu ɗaya yana da sunaye da yawa, kalma ɗaya tana ɗauke da ma'anoni da yawa, akwai sautuka da harshen Balarabe ko Bafarishe ba ya iya furtawa kuma haruffansu ba sa iya rubutawa, masu kwafar littattafai kuma ba su da kula, suna ɓata aikin mawallafi cikin kwafi ɗaya ko biyu. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne cewa ko littattafan lissafi da taurari a waƙe ake rubuta su domin sauƙin hadda, kuma larurar ma'aunin waƙa takan tilasta wa marubuci cusa kalmomin da ke duhunta ma'ana. Wanda ya yi karatun zaure ya haddace matanin nahawu ko fiƙihu a baitoci, ya kuma ga yadda baiti ɗaya ke buƙatar shafi guda na sharhi, zai gane wannan kuka nan take.

Shinge na biyu addini ne da al'ada. Ya lura cewa a tsakaninsu Indiyawa ba sa zubar da jini a kan saɓanin aƙida, iyakarsu faɗan baki, amma duk baƙo suna kiransa *mleccha*, wato mai ƙazanta, ba a ci da shi ba a sha da shi ba a aure da shi. Ya zarge su da girman kai, cewa suna ganin babu ƙasa kamar tasu, babu sarakuna kamar nasu, babu ilimi kamar nasu, kuma suna rowar abin da suka sani. Sai dai ya ƙara da cewa da suna tafiye-tafiye suna cuɗanya da wasu da sun sauya ra'ayi, kuma magabatansu ba haka suke ba, ya kafa hujja da masanin taurari Varahamihira wanda ya yaba wa ilimin Girkawa.

Sannan ya faɗi abin da ba kowane malamin fada zai iya faɗa ba. Ya ce Mahmud ya lalata arzikin ƙasar gaba ɗaya, Indiyawa suka watse kamar ƙura, kuma wannan ne ya dasa musu ƙiyayyar Musulmi mai tsanani, ya sa iliminsu ya gudu daga wuraren da aka ci da yaƙi ya fake a Kashmir da Banaras inda hannun Musulmi bai kai ba. Malami ne da ke cin abinci a inuwar gidan sarautar Gazna yake rubuta cewa takobin wannan gida shi ne ya rufe ƙofar ilimin da yake nema. A ganina wannan shafi kaɗai ya isa ya sa a ɗauki sauran shaidarsa da muhimmanci.

## Falsafar da ya mayar Larabci

Kafin *Kitab al-Hind* ya fassara littattafai biyu na falsafa. Ɗaya na mazhabar Sankhya ne, wadda ke koyar da cewa samuwa ta kasu gida biyu, rai mai sani wanda ba ya aikata komai, da asalin halitta mai aiki wanda ba shi da sani, kuma wahalar ɗan Adam ta samo asali ne daga rikita waɗannan biyu, tsirarsa kuma tana cikin rarrabe su da ilimi. Wannan fassara ta ɓata, sai gutsattsarin da ya kawo a babban littafinsa. Na biyu shi ne *Kitab Batanjal*, fassarar littafin Patanjali, wanda shi ne tushen falsafar yoga.

A nan ma akwai ruɗani da ya kamata a warware. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga a 2014, yawancin mutane sun ɗauki yoga motsa jiki ne da lanƙwasa gaɓoɓi. Littafin Patanjali, mai babi huɗu da gajerun jimloli kusan 195, kaɗan ne ƙwarai ya ce game da zaman jiki. Batunsa shi ne tsayar da kaiwa da komowar zuciya, ta hanyar kame kai daga cutarwa da ƙarya da sata da kwaɗayi, da daidaita numfashi, da janye gaɓoɓin ji daga abin da ke ja musu hankali, har a kai ga nutsuwar da rai zai kuɓuta daga ɗaurin duniya. Albiruni ya haɗa matanin da sharhinsa ya mayar da su tambaya da amsa, ya yi amfani da kalmomin da masu karatun falsafar Girka da littattafan Sufaye suka riga suka sani, domin mai karatun Larabci ya sami inda zai kama. Wannan tana cikin fassarorin littafin mafiya tsufa da aka sani zuwa wani harshe na wajen Indiya. Ta ɓace daga idon masana tsawon ƙarnoni, sai a 1922 Louis Massignon ya gano kwafinta a wani ɗakin karatu na Istanbul, Hellmut Ritter kuma ya buga ta a 1956.

Daga waɗannan littattafai da kuma *Bhagavad Gita*, shahararriyar waƙar addinin Hindu, ya ciro hukuncinsa da ya fi jawo magana, wato cewa dole a rarrabe aƙidar masana da ta gama-garin mutane. Ya ce masanan Hindu sun yi imani da Ubangiji ɗaya, madawwami, marar farko marar ƙarshe, mai iko, mai hikima, wanda babu abin da ya yi kama da shi, gumaka kuwa an kafa su ne domin talakawan da hankalinsu ba ya kama abin da ido bai gani ba, kuma ya ce wannan rauni ne da ake samu a cikin jahilan kowace al'umma. Amma bai ce aƙidarsu Musulunci ce ba. Ya ce kamar yadda kalmar shahada take alamar Musulunci, Triniti alamar Kiristanci, Asabar alamar Yahudanci, haka imani da komowar rai cikin sabon jiki bayan mutuwa yake alamar addinin Hindu, wanda bai yarda da shi ba ba ya cikinsu. Ya nuna inda wannan ra'ayi ya yi kama da maganganun Aflatun da na wasu Sufaye, ya bar mai karatu da sanin cewa kama ba ita ce haɗuwa ba.

## Inda ya ƙi yin shiru

Masu son nuna Albiruni a matsayin mai yabon Indiya kawai sukan tsallake shafukan sukarsa. Ya yaba wa masana lissafi da taurari irin su Brahmagupta, wanda ya rubuta babban littafinsa a 628, ya kuma tabbatar da cewa alƙaluman ƙirga da Musulmi ke amfani da su daga Indiya aka samo su. Duk da haka ya ce iliminsu cakuɗe yake, lu'ulu'u da tsakuwa a wuri ɗaya, domin ba sa tace hujja daga tatsuniya. Ya kama Brahmagupta da laifi na musamman a kan husufi: mutumin ya san sarai cewa inuwar duniya ce ke rufe wata, wata kuma ke rufe rana, lissafinsa ma a kan haka ya ginu, amma ya goyi bayan labarin cewa wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye su. Albiruni ya ɗauki wannan a matsayin miƙa wuya ga matsin malaman addini da na jama'a, kuma ya ji zafinsa ƙwarai, domin a wurinsa malamin da ya san gaskiya ya ɓoye ta ya fi jahili laifi.

Ya kuma bayyana tsarin rabon mutane gida huɗu, Brahmana (malaman addini) da Kshatriya (mayaƙa da sarakuna) da Vaishya ('yan kasuwa da manoma) da Shudra (masu hidima), da waɗanda ke ƙasa da su duka, masu aikin da ake ƙyama, waɗanda ake zaunar da su a wajen gari. Ya rubuta cewa an hana na ƙasa jin Veda balle karanta shi, kuma wanda aka kama yana karantawa hukuncinsa yanke harshe ne. Ya ce Musulmi suna ɗaya gefen gaba ɗaya, domin a wurinsu mutane daidai suke sai da taƙawa, kuma wannan ne babban abin da ke hana fahimtar juna tsakanin al'ummomin biyu.

## Iya ina saninsa ya kai?

Masana ba su haɗu a kan zurfin Sanskirit ɗinsa ba. Edward Sachau, Bajamushen da ya buga matanin Larabcin a 1887 da fassarar Ingilishi a 1888, da David Pingree, masanin tarihin ilimin taurari, duk sun nuna cewa ya dogara sosai ga malaman da ke karanta masa suna yi masa bayani, kuma a wasu wurare abin da ya kawo a matsayin matani sharhin malamin ne ya shige ciki. Akwai kuma manyan giɓi. Bai ambaci Shankara ba, malamin mazhabar falsafa ta Vedanta da ya rayu ƙarnoni kaɗan kafinsa wanda a yau ake ɗauka jigon falsafar Hindu. Game da addinin Buda ya faɗa da bakinsa cewa bai sami littafinsu ba kuma bai haɗu da wanda zai koya masa ba. Indiyar da ya zana ta Brahmanawa ce ta arewa maso yamma, ta littattafai, muryar manomi da ta mace da ta mutumin kudu ba su fito a cikinta sosai ba.

Waɗannan iyakoki gaskiya ne, amma ba su rushe aikin ba, domin shi ne ya fara nuna wa mai karatu inda ƙafarsa ta tsaya. Yakan ce wannan na karanta, wannan an faɗa mini, wannan littafi sunansa kawai na ji. Cikin littattafan Purana 18 da ya lissafa, wato littattafan tsofaffin labaran addinin Hindu, ya ware 'yan kaɗan da ya ga sassansu da idonsa. Ya kuma yi ƙoƙarin mayar da alheri, domin ya ce yana fassara wa Indiyawa littattafan malaman Girka biyu, na Iƙlidis a kan lissafin siffofi da *Almajisti* na Batlimus a kan taurari, zuwa Sanskirit.

## Yadda ake jan sa a yau

Masu kishin Hindu a Indiya suna kawo shaidarsa a kan ɓarnar Mahmud da rusa Somnat domin su nuna cewa zuwan Musulmi bala'i ne kawai, suna mantawa cewa mai shaidar Musulmi ne, kuma a littafin da ya faɗi haka ya faɗi abin da ake yi wa Shudra. Wasu a Pakistan suna kawo maganarsa cewa Indiyawa sun saɓa wa Musulmi a komai domin su kafa hujjar cewa al'ummomin biyu ba za su taɓa zama ƙasa ɗaya ba, suna mantawa cewa ya faɗi haka ne a matsayin dalilin da ya sa ya wajaba a yi karatu, kuma ya shafe fiye da shekara goma yana yin sa. Masu son sulhunta addinai kuma suna mayar da shi mai cewa duk hanya ɗaya ce, abin da bai taɓa faɗa ba. Wanda ya fi kusa da wannan ra'ayi shi ne Dara Shikoh, ɗan Sarki Shah Jahan, wanda ya jagoranci fassara littattafan Upanishad kusan 50, na falsafar addinin Hindu, zuwa Farisanci a 1657, kuma ɗan'uwansa Aurangzeb ya sa aka kashe shi a 1659 bayan yaƙin gadon sarauta, da tuhumar ridda. Albiruni ya rayu ya mutu Musulmi mai kare aƙidarsa, wajen 1050 a Gazna, kuma babu inda sanin Patanjali ya rage masa wani abu daga cikinta.

Akwai wata shaida ta ƙarfe da ke wahalar da duk ɓangarorin. A wajen 1027 zuwa 1028 an buga kuɗin azurfa a Lahor da sunan Mahmud, gefe ɗaya kalmar shahada da Larabci, ɗaya gefen kuma ma'anarta da Sanskirit. Wato ko sarkin da ya rusa haikalai bai ga harshen a matsayin abin da ba za a rubuta tauhidi da shi ba.

## Abin da wannan ya shafi talaka da shi

A Indiya gardamar ba ta malamai kaɗai ba ce, domin Sanskirit darasi ne a makarantu, kuma hanya ce ta samun aikin koyarwa. Idan aka amince cewa addini ko asalin haihuwa ne ke ba mutum izinin koyar da harshe, waɗanda za su fara shan wahala su ne 'ya'yan marasa galihu, Musulmi da kuma 'yan ƙasan tsani na Hindu kansu. B. R. Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin ƙasar, an hana shi karatun Sanskirit yana yaro saboda an haife shi cikin waɗanda ba a taɓawa, dole ya ɗauki Farisanci. Masu zanga-zangar Banaras suna da wata hujja da ba za a yi watsi da ita ba, cewa horar da masu jagorantar ibada aiki ne na 'yan addinin, kuma kowace al'umma tana da haƙƙin riƙe wannan. Amma adabi da nahawu da falsafa a jami'ar gwamnati wani abu ne dabam, kuma cakuɗa su biyun yana rage yawan masu karanta dubban rubuce-rubucen hannu da ke jibge a ɗakunan karatu ba a ko buɗe su ba.

Mu ma muna da rabo a cikin wannan zance. Shekara da shekaru Hausawa suna kallon finafinan Indiya, ɗalibanmu da marasa lafiyarmu da 'yan kasuwarmu suna zuwa ƙasar, amma abin da yawancinmu muka sani game da aƙidar mutanenta bai wuce saniya da gunki da ƙona gawa ba, irin labarin ji-ta-ji-tar da Albiruni ya yi kuka da shi a gabatarwarsa. Alhali alƙaluman da ake rubuta lambar shafi da su a littattafan zaurenmu, da hikayoyin *Kalila wa Dimna* da masu karatun Larabci suka sani, duk daga wannan taska suka fito. Littafin nasa bai sami magada da yawa a zamaninsa ba. Masanin tarihi Rashiduddin ya ɗebo daga cikinsa a farkon ƙarni na 14, amma sai a fadar Sarki Akbar, a ƙarshen ƙarni na 16, aka sake yin aiki mai irin wannan faɗi, lokacin da aka fassara *Mahabharata*, doguwar waƙar jarumta ta Indiya, zuwa Farisanci kuma Abul Fadl ya rubuta bayanin ilimomin Hindu. A yau matanin Larabcin yana samuwa, har da bugun Haidarabad na 1958, kuma malaminmu da ke karanta Larabci ba ya buƙatar tafinta kafin ya shiga cikinsa: babi na 2 a kan imaninsu da Ubangiji yake, na 5 a kan komowar rai, na 9 a kan rabon mutane gida-gida, na 11 kuma a kan asalin bautar gumaka.